Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Gangar Bature Daga Kangonta

Wanda ya taɓa raka mai sayen sa zuwa kara ya san abin da gwani yake fara yi. Dillali na ta zuba, shi kuwa sai ya kama muƙamuƙin dabba ya buɗe baki ya dubi haƙori. Tsofaffin gangunan bature, irin jerin nan da makaɗi ɗaya yake zama ya kaɗa da hannu da ƙafa, su ma suna da nasu haƙorin, shi ne kango, wato jikin da ya rage in an cire fata da ƙarafa. Bajon kamfani ana iya ɓamɓare shi a manna wa wata ganga cikin minti goma. Kunnuwan ƙarfen da ake ɗaure fata da su ana musanyawa. Rigar robar da ke waje ana ɓare ta a sa sabuwa. Amma yawan fallayen katakon da aka haɗa, da irin itacen, da yadda aka game bakinsa, da fentin da aka shafa a ciki, duk ranar ƙira aka yi su, kuma kowane kamfani yana da lokacin da ya soma wani salo da lokacin da ya bar shi.

Gangunan da nake magana a kansu su ne na Amurka da Ingila da Jamus da Japan, daga shekarun 1930 zuwa farkon shekarun 1980. Irinsu kan ɓullo a cikin kayan gwanjo, ko a siton wata makaranta, ko a ɗakin ajiyar tsohuwar ƙungiyar makaɗa. Tun da wuri ka sa a ranka cewa kango ba zai ce maka ranar kaza ba. Tazara zai ba ka, shekara huɗu ko takwas ko goma. Aikinka shi ne ka yi ta tsuke tazarar da shaida bayan shaida.

Kayan da za ka tanada

Makullin ganga, sukudireba mai faɗin baki da mai sita, tocila, tef ɗin awo mai inci, maganaɗisu ko da na tsohuwar lasifika ne, wayar hannu mai kyamara, busasshen tsumma, da 'yar roba ta zuba kusoshi. Ban da ruwa, ban da samfefa, ban da fetur ko tina. Ni da kaina na taɓa yin wannan wauta: na samu wata ƙaramar ganga cike da ƙura da saƙar gizo-gizo, na jiƙa tsumma da ruwan sabulu na goge cikinta tas. Sai da ta bushe na hango inuwar jar tawada a gefe, wasu lambobi da ba su ƙara karantuwa ba. Hatimin ranar ƙira ne na wanke da hannuna. Tun daga ranar, hoto nake fara ɗauka kafin tsumma ya taɓa ko'ina.

Mataki na ɗaya: auna kafin ka kwance komai

Auna faɗin kango daga baki zuwa baki, sannan zurfinsa. Girma kaɗai yana kai ka unguwar da za ka nema. Gangar ƙafa mai faɗin inci 26 ko 28 ta fi yawa a shekarun 1930 da 1940, zamanin manyan ƙungiyoyin kiɗa masu ƙahonni da yawa. A shekarun 1950 da 1960 ta koma inci 20 ko 22, zurfi 14, wasu makaɗan jaz ma har 18. Ƙananan gangunan sama da ake kira tam a wancan lokacin faɗi 12 zurfi 8 ne, ko 13 da 9, ta ƙasa mai ƙafafu kuma 16 da 16 ko 14 da 14. In ka ga tam mai zurfi sosai, faɗi 12 zurfi 10 ko 11, to ka matso ƙarshen shekarun 1970 da shekarun 1980.

Dubi ƙasan tam. In fatar ƙasa da ƙananan ƙusoshi aka kafe ta a jikin kango ba yadda za a ɗaure ta, salon shekarun 1930 ne zuwa farkon 1940. In babu fatar ƙasa sam, kuma babu ramukan kunnuwa a ƙasan, yayin shekarun 1970 ne. Sai dai a lura, a wannan zamanin mutane da yawa sun cire fatar ƙasa da kunnuwanta daga tsofaffin ganguna don su bi yayi, ramukan da suka bari su ne za su tona. In kuwa kunnuwan na katako ne, ka samu amsa da wuri: lokacin yaƙin duniya na biyu ne, bayan da gwamnatin Amurka a 1942 ta taƙaita ƙarfen da za a sa wa kayan kiɗa zuwa kashi goma cikin ɗari na nauyinsu. Jerin Rolling Bomber na kamfanin Slingerland na Amurka shi ne ya fi suna a cikinsu.

Akwai wani awon da ke rikita mutane. Wasu gangunan kamfanin Premier na Ingila da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960 ba su bi awon Amurka ba. Wadda ake ce wa 12 ta gaza da ɗan kaɗan, ta 16 ta ɗara da kaɗan, ta 20 ta gaza. Fatar zamani ko dai ta yi mata sako-sako ko ta ƙi shiga. In tef ɗinka ya nuna haka, kada ka zargi tef.

Mataki na biyu: cire fata ɗaya

Sassauta kusoshi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kada ka bi su a jere. In makullinka ya ƙi kama kan kusa saboda tsaga ce a kai irin ta sukudireba, to alamar Turai ce, tsofaffin Premier da Sonor haka suke. Ɗaga zoben ƙarfe, ɗaga fata. Lura da yadda fatar ta fito. Fatar roba ta shigo kasuwa sosai ne a 1957 ta hannun kamfanin Remo, kafin nan fatar maraƙi ake naɗewa a zoben katako, kuma ba a tsananta awon kango ba. Shi ya sa kangon wancan zamani yakan riƙe fatar roba gam, sai ka yi ta lallaɓawa. Wannan raɗa ce kawai, kada ka ɗauke ta hukunci.

Yanzu haska tocila ka ɗauki hoton cikin duka, zagaye guda, kafin ka share ƙura.

Mataki na uku: ɗamara da ƙirgen falle

Nan ne zuciyar aikin. Abu na farko, shin akwai ɗamara? Ɗamara ita ce siririn zoben katako da aka liƙa a cikin kango, ɗaya a bakin sama ɗaya a bakin ƙasa, faɗinta kamar yatsa ɗaya zuwa biyu. Amfaninta ta riƙe siririn kango kada ya karkace ya bar da'ira. Yawancin gangunan Amurka da Ingila kafin tsakiyar shekarun 1970 suna da ita. Kamfanin Gretsch na Amurka ne ya fita zakka, shi tun bayan yaƙi aka san shi da kango marar ɗamara.

Abu na biyu, falle nawa ne? Kuskuren sabon shiga shi ne ya ƙirga a baki, inda ɗamara ta haɗu da kango, sai ya samu huɗu ko shida inda uku ne. Hanya mafi tsabta ita ce ka kwance kunne ɗaya, ka haska ramin kusarsa, ka kusanto da kyamarar waya har layukan su fito. A cikin ramin za ka ga fallayen a jere, kowanne da launinsa, da siririn layin gam a tsakani. Ƙirga sau biyu, a ramuka biyu daban.

In ba ka ga layi ko ɗaya ba, katako ɗaya ne sul, to ka riƙe gangar da hannu biyu. Wannan falanki guda ne aka turara da tururi aka lanƙwasa, aka fiƙe bakunansa biyu aka ɗora ɗaya kan ɗaya da gam, za ka ga doguwar mahaɗa a karkace. Shahararriyar gangar da aka yi haka ita ce Radio King ta Slingerland, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1930 kuma shahararren makaɗin jaz Gene Krupa ya ɗaukaka ta. Itacen mapul ne da ɗamara, kuma ƙaramar ganga mai waya a ƙasa, wato sineya, ita ce ake yi wa wannan gata. Tam da gangar ƙafa na jerin Radio King falle uku ne.

Falle uku da ɗamara shi ne abin da za ka fi cin karo da shi. Na kamfanonin Ludwig da Slingerland suna da kama ɗaya: na tsakiya kauri ne da shi, itacen fofla, na waje da na ciki kuwa sirara. Wannan gini ya daɗe, tun kafin yaƙi har cikin shekarun 1970, don haka shi kaɗai bai tsuke maka komai ba, sai ka haɗa da itace da fenti. Kamfanin Rogers ma ya fara da uku, ya koma biyar da ɗamara a farkon shekarun 1960.

Falle shida babu ɗamara tarko ne. Gretsch ya koma shida tun wajen tsakiyar shekarun 1950, yana sayen kangon daga masana'antar Jasper a jihar Indiyana. Ludwig kuwa sai wajen 1976 ya bar uku ya koma shida marar ɗamara. Gini iri ɗaya a ido, amma farkonsu shekara ashirin ne tsakani. Fentin ciki ne zai raba gardama.

Daga biyar marar ɗamara zuwa sama, galibi kana cikin shekarun 1970 ko bayansu. Kiɗa ya ƙara amo a lokacin, ƙarafan riƙe tam sun ƙara nauyi, kamfanoni suka shiga gasar kauri. Slingerland ya fito da biyar marar ɗamara, Rogers ya fito da XP-8 mai falle takwas na mapul a ƙarshen shekarun, Sonor na Jamus kuma a 1975 ya fito da Phonic mai falle tara na itacen bic, wadda in ka ɗaga gangar ƙafarta sai ka ce turmi ne.

Mataki na huɗu: wane itace ne?

In cikin ba fenti, itacen zai nuna kansa. Mahogani ja-ja ne mai duhu, da ƙananan ramuka dogaye kamar an tsattsaga da allura. Wanda kamfanonin nan suka yi amfani da shi mahoganin Afirka ne, na dazuzzukan kudancin yankinmu, ɗan uwan maɗacinmu ne na jini, dangi ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin kafinta yana fere maɗaci zai gane launin. Mapul fari ne, jikinsa a matse, sumul, in ya tsufa ya koma ruwan zuma. Fofla fari ne mai ɗan kore-kore, mai laushi, farce na iya yi masa shaida, kuma kusan kullum a tsakiya yake ɓoye. Birc ya yi kama da mapul, sai dai zanensa ya fi fitowa. Bic yana da ƙananan ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an watsa riɗi, da su ake gane shi. Gretsch kuwa mapul yake haɗawa da wani itace da Amurkawa ke kira gam, ba gam ɗin liƙi ba.

Ga yadda wannan yake taimako. Ludwig ko Slingerland mai falle uku da mahogani tsirara a ciki ya fi karkata ga shekarun 1940 da 1950. Premier mai falle uku na birc da ɗamarar bic na shekarun 1950 da 1960 ne, mai mahogani da ɗamarar bic kuma na farkon shekarun 1970, kafin su sake komawa birc.

Sai luwan, wanda 'yan kasuwa ke kira mahoganin Filifin alhali ba mahogani ba ne. Wannan ya kamata ka san shi ciki da bai, domin shi ne ya fi yawo a duniya. A shekarun 1960 masana'antun Japan, musamman Pearl da Hoshino wanda daga baya ya fito da sunan Tama a 1974, sun ƙera ganguna masu araha jibgi, suna kwaikwayon ƙirar Slingerland da sauran na Amurka, ana manna musu sunayen da 'yan kasuwa suka ga dama, irin su Apollo da Majestic da Stewart. Luwan ba shi da nauyi, jikinsa garas-garas, bakin rami yakan yi silli-silli kamar rake da aka tauna. Babbar alama ita ce jijiyar fallen ciki: a yawancin na Japan ɗin nan tsaye take, daga baki zuwa baki, a na Amurka kuwa kwance take tana bin zagayen kango. Na farkonsu sirara ne da ɗamara, na baya sun yi kauri sun bar ɗamara. Ba na raina su, in aka gyara bakinsu aka sa fata mai kyau suna da murya mai daɗi. Amma kada wani ya sayar maka da su a kuɗin Ludwig.

Mataki na biyar: fentin ciki

A ganina babu shaidar da ta kai wannan saurin tsuke tazara, don haka zan ɗan zauna a nan.

Ludwig. An kafa shi a Shikago a 1909. Sunan ya taɓa komawa hannun kamfanin Conn, shi kuwa William Ludwig ya buɗe wani a 1937 da ake kira WFL, ya sake sayen sunansa a 1955. Na zamanin WFL da 'yan shekarun da suka biyo baya, mahogani ne tsirara a ciki. Daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1968 farin fenti ne, wanda yanzu za ka tarar ya koma ruwan madara. Daga wajen 1968 fallen ciki ya zama mapul da banish mai haske, har yanzu falle uku da ɗamara. Akwai kuma fenti ruwan toka mai ɗigo-ɗigo da suka kira Granitone, wanda aka fi gani a jerin Standard mai sauƙin kuɗi da ya fito a 1968, da wasu gangunan farkon shekarun 1970. Masu farin ciki su ne aka fi yawan ƙerawa kuma aka fi nema, saboda bayan da aka ga Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, a talabijin ɗin Amurka a watan Fabrairun 1964 da sunan Ludwig a gaban gangarsa, masana'antar ta koma aiki ba dare ba rana. Gaggawar wannan lokaci tana nan a cikin kangon: gam da ya tsiyaya, fenti mai kauri a nan siriri a can. Wannan ba alamar jabu ba ce.

Gretsch. Fenti ruwan azurfa, kamar na rufin kwano. Ya fara wajen lokacin da suka koma falle shida, kuma har yau suna shafa shi, don haka farkon tazara kawai yake ba ka. Ƙarshenta daga bajo za ka samo: zagayayyen bajo ya kai har wajen 1970, daga nan mai kusurwa takwas ya karɓa. A zamanin zagayayyen bajo, na tam da ƙusa ake kafe shi, kuma tam ɗin ba ta da ramin fitar iska. Gretsch mai falle uku, marar ɗamara, marar azurfa, ya girmi masu falle shida.

Rogers. Shi ya fi kowa sauƙi, don yana manna 'yar takarda a ciki mai sunan gari. Cleveland ita ce ta farko, lokacin masana'antar tana Covington a jihar Ohio, fentin kuma ruwan toka ne lis, babu ɗigo. Kamfanin CBS ya saye shi a 1966, takarda ta koma Dayton. Na farkon Dayton suna nan da toka lis, na baya suka koma toka mai ɗigo-ɗigo. A 1969 aka ƙaura zuwa Fullerton a Kalifoniya, ɗigo-ɗigon ya ci gaba. Ko takardar ta ɓare, in fentin mai ɗigo-ɗigo ne to bayan CBS ya saye kamfanin aka yi ta, in lis ne kuwa ta Cleveland ce ko ta farkon Dayton.

Slingerland. Yawanci itace tsirara ko banish, amma daga wajen 1966 zuwa wajen 1970 sun shafa wani fenti ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, launin shayi da madara. In ka gan shi tazararka ta zama shekara huɗu. Za ka iya tarar da harafin P ko M an buga a ciki. Ba kwanan wata ba ne, alamar ma'aikata ce ta irin adon da za a yi wa wajen kangon.

Gargaɗi ɗaya game da fenti: mutane suna sake shafawa. Fentin masana'anta ana yin sa kafin a ɗaura ƙarafa, don haka washa da kan kusa na ciki za su kasance tsirara, kuma in ka cire washa za ka ga fenti a ƙarƙashinta. In ka ga fenti ya hau kan kusoshi, ko ƙarƙashin washa wani launi ne daban, to wani ne ya zauna da burushi. Launin da ke ƙarƙashin washar shi ne na gaskiya.

Mataki na shida: mahaɗa da riga

Juya kangon a hankali kana shafa waje da tafin hannu har ka ji inda rigar roba ta haɗu. A tsofaffin Ludwig masu falle uku, tun katakon yana shimfiɗe ake liƙa masa riga, sannan a lanƙwasa duka a game baki. Saboda haka ƙarshen rigar yana nutsewa cikin mahaɗar katakon kansa, kuma wurin yakan yi ɗan tudu. Dubi bakin kango daidai mahaɗar da kyamara: za ka ga siririn layin roba mai launi ya shige tsakanin katako da katako. Sun daina wannan a ƙarshen shekarun 1960.

Amfanin sanin haka biyu ne. Yana tabbatar maka da zamani, kuma yana tona sabuwar riga. Mai sake riga ba ya iya zaro guntun da ya nutse, yanke shi yake yi ya bar shi a ciki. Na taɓa ganin tam sanye da baƙar riga mai walƙiya, amma a cikin mahaɗa ga ɗan layin shuɗi yana leƙe. In kuma ka ga an kafe mahaɗar riga da jerin ribiti, Ludwig ne na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Kangon Gretsch mai falle shida ba shi da tudun nan, don kowane falle a wurinsa daban yake haɗuwa.

Shafa leɓen kango, inda fata take zama. Na da a dunƙule yake, mai faɗi, wani lokaci ma ba daidai ba. Leɓe mai kaifi kamar bakin wuƙa salon baya ne. In ka ga leɓe mai kaifi, fari fat, a kan kangon da sauran jikinsa ya yi duhun tsufa, an sake fere shi. Bai canza shekarun gangar ba, amma ya rage mata daraja wurin masu tara kayan da.

In kangon na ƙarfe ne ko roba

Wannan ya fi shafar sineya. Manna maganaɗisu a jikin kangon, nesa da kunnuwa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, tagulla ce ko alminiyam, nauyi ne zai raba su. Misalin da ya fi amfani shi ne Supraphonic ta Ludwig da magabaciyarta: na ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 tagulla ce aka lulluɓe da kurom, masu nauyi, daga baya aka koma alminiyam. Kurom ba ya zama lafiya a kan alminiyam, shi ya sa za ka ga jikinta ya yi ƙuraje yana ɓamɓarewa. Muni ne a ido, amma shaida ce. Kango mai haske kamar gilashi, da za ka hangi hannunka ta ciki, Ludwig ya fito da nasa mai suna Vistalite a 1972.

Mataki na bakwai: sai yanzu za ka saurari bajo

Da gangan na bar shi ƙarshe. Ka riga ka samu tazara daga kango, yanzu tambayar ita ce ko bajo da hatimi sun yarda da ita.

Nemi hatimin tawada a ciki. Ludwig ya riƙa buga wata da rana da shekara a shekarun 1960, na farko-farko yawanci da jar tawada, na baya da baƙa. In ka same shi ka huta. Bajonsa na wancan lokaci ƙaramin tagulla ne mai faɗin kai da tsukakken gindi, lambar siriyal ta fara bayyana a kansa wajen ƙarshen 1963 zuwa 1964, sannan a 1969 mai launin shuɗi da ruwan zaitun ya maye gurbinsa. Lambar siriyal ɗin kada ka rantse da ita, domin a akwati ake zuba bajojin, ma'aikaci ya ɗebi wanda hannunsa ya kai. Jeri ɗaya da ya fito rana ɗaya yana iya samun lambobin da ke da dubbai tsakaninsu. Bajon Slingerland in an rubuta Chicago to kafin ƙaurarsu ne zuwa garin Niles wajen 1960. Na Ludwig in an rubuta Monroe, garin da suka ƙaura, bayan 1984 ne.

Leƙa bayan bajon daga ciki. Yawancinsu da ɗan bututun ƙarfe aka kafe su a ramin iska, inji ya buɗe bakinsa daidai wa daida kamar fure. Wanda aka taɓa cirewa aka mayar za ka ga bakin ya tauye, da sawun filaya ko guduma, katakon gefen ma ya ɗan farfashe. Sannan ƙirga ramukan da ke jikin kango. Kowane rami ya kamata ya kasance da aikinsa. Ramin da aka toshe da katako ko aka bari fayau yana nufin an taɓa ɗaura wani ƙarfe daban a wurin, kuma inuwar tsohon kunne takan zauna a jikin riga, inda rana ba ta dafa ba.

Haɗa shaidu

Ƙa'idar ita ce, a cikin abubuwan da aka yi a masana'anta, wanda ya fi kowa ƙuruciya shi ne yake yanka maka farkon tazara. Kamfanonin nan ba sa zubar da kaya, tsohon kango yana iya kwana a sito ya samu sabon bajo, shi ya sa a shekarun sauyi irin su 1968 da 1969 za ka ga gauraye. Shekara ɗaya ko biyu na saɓani ba abin damuwa ba ne. Shekara goma kuwa akwai magana.

Ɗauki tam mai faɗi 13 zurfi 9. Akwai ɗamara. A ramin kunne falle uku, na tsakiya mai kauri. Ciki farin fenti, kan kusoshi tsirara. Riga ta nutse a mahaɗa, launinta ɗaya da na waje. Kango ya ce Ludwig, tsakanin farkon shekarun 1960 da 1968. Bajon tagulla ne mai lambar siriyal, bakin bututunsa lafiya lau. Tazara ta tsuke zuwa 1964 har 1968. Ka rubuta haka a takarda da fensir, tare da dalilanka, ka ajiye da hotunan.

Ɗauki wata kuma mai bajo iri ɗaya sak, da riga mai kama da ta farko. Ka ɗaga ta ka ji ba nauyi. Ciki ba fenti, jijiya a tsaye, bakin ramuka silli-silli, kusa da kowane kunne ga ƙarin rami an toshe, bututun bajo ya tauye gefe guda. Wannan luwan ce ta Japan ta shekarun 1960 aka yi mata aron suna. Mayar da fatar, ɗaure kusoshi wannan da na daura da shi kamar yadda ka kwance, sannan ka taya ta a kuɗin luwan.